Karatun Sarrafa Bayanan Kasuwanci da Kwamfuta: Jagora ga Ɗalibai da Iyaye a Lafiya

Gabatarwa

Garin Lafiya gari ne na noma da fatauci tun kafin ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Doya da riɗi da agushi da shinkafa da rogo suna shigowa daga ƙauyuka da garuruwan da ke kewaye, kamar Doma da Agyaragu, daga nan manyan motoci su kwashe su zuwa Makurɗi ta kudu, ko zuwa Akwanga da Keffi da Abuja. Kowane buhu da ya sauka daga mota yana tafe da lissafi: wanda ya kawo shi, nawa aka saya, nawa aka biya dillali da 'yan dako, wa ya ɗauka bashi, yaushe zai biya. Fataken da suna riƙe wannan lissafi da ka, waɗansu kuwa su rubuta da ajami. A yau ciniki ya yawaita, kuɗi kuma suna tafiya ta waya, har lissafin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum guda.

Jama'a sun ga haka da idonsu a farkon shekarar 2023, sa'ad da takardun kuɗi suka yi ƙaranci bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mai shagon da ya iya karɓar kuɗi ta banki ko ta na'urar POS ya ci gaba da ciniki, wanda bai iya ba ya zauna yana kallon kayansa. Daga cikin waɗanda suka karɓa ɗin ma, akwai waɗanda saƙonnin ƙarya suka cuce su, domin ba su da hanyar gwada abin da ya shiga asusunsu da abin da suka sayar. Wannan darasi zai yi bayanin fannin ilmin da ake koyarwa domin irin wannan aiki, da inda ake samunsa a Lafiya, da abin da ya wajaba ɗalibi da iyayensa su sani kafin su kashe ko kwabo.

Ma'anar fannin

Tsarin sarrafa bayanai shi ne haɗuwar abubuwa biyar da ke aiki tare domin ma'aikata ko kamfani su san halin da suke ciki. Na farko, na'urori, watau kwamfuta da wayar hannu da injin buga takarda da makamantansu. Na biyu, manhaja, watau jerin umarnin da ke sa na'ura ta yi aiki. Na uku, bayanai, kamar sunayen abokan ciniki da farashi da yawan kayan da ke sito. Na huɗu, ƙa'idojin aiki, misali wanda ke da ikon rubuta rasit da wanda ke da ikon soke shi. Na biyar, mutanen da ke gudanar da aikin. In ɗaya daga cikin biyar ɗin ya gurgunce, sauran huɗun ba za su yi amfani ba. Kwamfuta mai tsada a hannun akawun da ba ya shigar da ciniki kan lokaci ba ta fi tsohon littafin da aka jefa ƙarƙashin kanta ba.

Saboda haka wannan fanni ya sha bamban da zallar kimiyyar kwamfuta. Mai kimiyyar kwamfuta ya fi mai da hankali ga yadda na'ura take aiki da yadda ake ƙirƙiro manhaja. Mai sarrafa bayanan kasuwanci kuwa tsakani yake: dole ya ji harshen ɗan kasuwa, ya kuma ji harshen na'ura, ya zama tafinta tsakaninsu. Ya kuma sha bamban da koyon buga takardu na wata uku da ake yi a shagunan bakin titi. Wancan sana'a ce mai amfani, amma ba ita ce difloma ko digiri ba.

Taƙaitaccen tarihi

Lissafin kasuwanci ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1494 wani malamin lissafi na ƙasar Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa bayanin hanyar da 'yan kasuwar Benis suke bi, inda ake rubuta kowane ciniki sau biyu, a gefen shiga da gefen fita, domin kuskure ya tona kansa. Har gobe a kan wannan hanya manhajojin akanta suke tafiya. A shekarar 1951 kamfanin J. Lyons na Ingila, mai shagunan shayi da gidajen burodi, ya fara amfani da kwamfutar da ya ƙera wa kansa mai suna LEO wajen lissafin kayan gidajen burodinsa, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin farkon aikin ofis da kwamfuta ta riƙa yi a kai a kai. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da dabarar ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, wadda yawancin rumbunan bayanai suke bi yanzu. A 1979 aka fito da VisiCalc, manhajar jadawalin lissafi da ta sa ƙananan 'yan kasuwa suka soma sayen kwamfuta, kuma ita ce kakar Excel da ɗalibai suke koyo a yau.

A Nijeriya, wayar salula ta GSM ta soma aiki a 2001, shekarar da aka kafa Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA. Babban Banki ya soma shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, aka kuma fito da lambar BVN a 2014. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta daga 2015. Ma'ana dai, ɗalibin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba, tun daga ƙofar shiga babbar makaranta zai soma cin karo da ita.

Inda ake karatun a Lafiya

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce kwalejin kimiyya da fasaha. A Lafiya akwai Kwalejin Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, wadda a da ake kira Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Nasarawa, aka sauya mata suna domin tunawa da Sarkin Lafiya da ya rasu a 2019. A garin Nasarawa kuma akwai ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1983. Irin waɗannan kwalejoji suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da aka kafa a 1977, mai hedkwata a Kaduna. Tsarinsu shi ne shekara biyu ta ƙaramar difloma, ND, sa'an nan shekara guda ta aiki a wata ma'aikata, kana shekara biyu ta babbar difloma, HND.

Hanya ta biyu ita ce jami'a. Akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasansu, digirin farko kuwa a waɗannan fannoni galibi shekara huɗu ne. A manhajar karatun da hukumar ta ƙaddamar a Disamba 2022, ilmin kwamfuta ya zama rukuni mai zaman kansa, kuma tsarin sarrafa bayanai yana cikinsa a matsayin digiri na musamman.

Ya kamata a lura cewa ba kowace makaranta ce ke da kwas mai wannan suna daidai ba. Sau da yawa ɗalibi yakan kai ga ilmin ta ɗaya daga cikin ƙofofi huɗu: kimiyyar kwamfuta, ko akanta, ko gudanar da kasuwanci, ko fasahar gudanar da ofis wadda ta maye gurbin tsohon kwas na sakatarori. Wanda ya shiga ta ƙofar kwamfuta, sai ya dage wajen darussan kasuwanci da za a haɗa masa. Wanda ya shiga ta ƙofar kasuwanci, kada ya ɗauki darussan kwamfuta a matsayin cikon benci. Jerin kwasa-kwasan da kowace makaranta ke da izinin bayarwa yana cikin littafin jagora na JAMB na kowace shekara, can ya kamata a duba.

Sharuɗɗan shiga

A jami'a ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, a zaman da bai wuce biyu ba, kuma lalle Turanci da Lissafi su kasance ciki. Mai neman ɓangaren kwamfuta ana neman ya haɗa da Fiziks da wani darasin kimiyya. Mai neman ɓangaren kasuwanci ana neman ya haɗa da ilmin tattalin arziki. Lissafi shi ne inda da yawa ke tuntuɓe, don haka tun daga aji huɗu na sakandare ya kamata yaro ya san inda ya nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darussan da ake koyarwa

Sunayen darussa suna bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ginshiƙansu shida ne.

1. Sanin na'ura da manhajojin ofis. Ɗalibi zai koyi sassan kwamfuta, da rubuta wasiƙa da rahoto, da aiki da jadawalin lissafi irin Excel.

2. Ka'idojin akanta da kasuwanci. A nan ake koyon littafin shiga da fita, da bambancin uwar kuɗi da riba, da lissafin albashi da haraji. Misali, harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, kuma duk manhajar da ba a gyara mata wannan adadi ba ta riƙa fitar da rasit na kuskure.

3. Rubuta manhaja. Ana koyar da wani harshen kwamfuta, kamar Python ko Java, domin ɗalibi ya saba da karkasa matsala mataki mataki.

4. Rumbun bayanai. Ana koyon yadda ake raba bayanai cikin jadawalai, da yadda ake yi musu tambaya da harshen SQL.

5. Nazarin tsari da zayyana shi. Wannan shi ne zuciyar fannin. Ɗalibi zai je ma'aikata ya yi tambayoyi, ya bi takarda daga teburin farko zuwa na ƙarshe, ya gano inda aiki ke tsayawa, sa'an nan ya zana sabon tsari kafin a taɓa na'ura.

6. Haɗa na'urori da tsaron bayanai. Ana koyon yadda kwamfutoci ke magana da juna a cikin ofis da ta intanet, da yadda ake kare su daga ɓarayi da gobara da lalacewa.

Kowane darasi yana da nauyinsa da ake aunawa da raka'a, kuma sakamakon ƙarshe yana tattaro makin kowane zango tun daga na farko. Jami'o'i suna auna shi bisa maki 5, kwalejojin fasaha bisa maki 4. Wanda ya yi wasa da shekarar farko zai ɗauki nauyinta har ranar fita. Bayan jarrabawa, akwai kaso na maki da ake warewa domin gwaje-gwajen aji da aikin gida da aikin ɗakin kwamfuta.

Misalin aikin aji

Ga irin aikin da malami zai iya bai wa ɗalibai. Alƙaluman na misali ne kawai domin koyo, ba farashin kasuwa ba ne.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Lafiya ya sayi buhun riɗi 200 daga ƙauyukan Doma, kowane buhu naira 80,000. Jimla naira 16,000,000 ke nan. Ya ji labarin ana saye a kan naira 88,000, sai ya ƙiyasta a ransa cewa yana da ribar naira 8,000 a kowane buhu, watau naira 1,600,000.

Ɗalibi zai buɗe jadawali ya shigar da abin da mai kayan ya manta. Kuɗin mota da dako, naira 2,000 a kowane buhu, ya kama naira 400,000. La'adar dillali, naira 500 a kowane buhu, ta kama naira 100,000. Hayar sito naira 100,000. Abin da aka kashe duka ya zama naira 16,600,000. Da aka tankaɗe riɗin aka fitar da yashi da ƙaiƙayi, sai ya ragu da kashi 5 cikin ɗari, buhu 190 suka rage. Buhu 190 a kan naira 88,000 ya ba da naira 16,720,000. Ashe ribar gaskiya naira 120,000 ce kacal.

Daga nan jadawalin zai amsa tambaya ta biyu: mene ne farashin da in aka sauka ƙasa da shi an faɗi? A raba 16,600,000 gida 190, za a sami kimanin naira 87,369. Da farashi zai sauka zuwa naira 87,000, da mai kayan ya yi hasarar naira 70,000, alhali yana tsammanin riba yake ci. Tambaya ta uku ita ce ta bashi. In an ba da buhu 30 bashi, naira 2,640,000 ke nan a hannun mutane, abin da ke hannun mai kaya kuwa naira 14,080,000 ne, bai kai abin da ya kashe ba. A takarda yana da riba, amma ba shi da kuɗin komawa kasuwa mako mai zuwa.

A darasin rumbun bayanai za a ɗauki wannan misali a faɗaɗa shi. Za a yi jadawali ɗaya na masu kawo kaya, ɗaya na masu saye, ɗaya na ciniki, a bai wa kowane mutum lamba tasa. Dalili kuwa shi ne, in akwai masu saye uku da ke da suna iri ɗaya, lamba ce kaɗai za ta hana a ɗora wa wani bashin wani. In mutum ya sauya lambar waya, wuri ɗaya za a gyara, gyaran ya bayyana ko'ina. Da tambaya guda za a fitar da sunayen duk waɗanda bashinsu ya wuce kwana 30. Wannan shi ne amfanin fannin a taƙaice: ya mai da tarin alƙaluma su zama labarin da mai dukiya zai yanke shawara a kansa.

Koyon aiki a ma'aikata

Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarsa take Jos, shi ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su gama karatu. Ɗaliban ƙaramar difloma sukan yi wata huɗu bayan shekarar farko, na jami'a kuma galibi wata shida. Ana ba ɗalibi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, shugaban wurin ya sa hannu. A Lafiya akwai bankuna da asibitoci da ma'aikatun jiha da injinan gyaran shinkafa da manyan shaguna, kuma kowannensu yana da lissafin da ake riƙewa. Ɗalibin da ya nemi wurin da za a sa masa hannu yana kwance a gida, kansa ya cuta, domin ranar neman aiki kwamfuta za a ajiye masa a gabansa a ce ya nuna.

Haka kuma aikin bincike na shekarar ƙarshe. Sayen wanda wani ya riga ya rubuta laifi ne da ke iya jawo kora. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya zaɓi matsala ta kusa da shi, kamar lissafin kantin magani na unguwa ko rajistar ƙungiyar manoma ta gama kai, ya warware ta da kansa ko da ƙarama ce.

Amana da doka

Wanda aka damƙa wa bayanan mutane an damƙa masa amana. Yana ganin albashin ma'aikata, da bashin abokan ciniki, da lambobin asusunsu. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba da mai damfara ta na'ura. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa masu tattara bayanan mutane su tsare su, kada kuma su yi amfani da su a kan abin da ba don shi aka karɓa ba. Akwai kuma Majalisar Rajistar Ƙwararrun Kwamfuta ta Nijeriya, CPN, wadda doka ta kafa a 1993 domin kula da masu wannan sana'a.

Ɗabi'u uku ya kamata ɗalibi ya saba da su tun yana makaranta. Kada mutum biyu su yi aiki da kalmar sirri ɗaya, domin in kuɗi suka ɓace ba za a san wanda za a tambaya ba. A riƙa kwafe bayanai ana ajiyewa a wani wuri dabam, domin gobarar kasuwa ba ta sallama. Kada kuma a saki kaya saboda saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa, sai an ga kuɗin a cikin asusun mai kaya.

Jan hankali ga iyaye

Kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar da abubuwa uku. Na ɗaya, cewa NBTE ko NUC ta amince da kwas ɗin kansa, domin makaranta tana iya zama halattacciya alhali wani kwas nata bai sami amincewa ba. Na biyu, cewa takardar shiga ta fito ta hannun JAMB. Wanda ya gama digiri ko babbar difloma ba tare da wannan ba yana iya samun cikas wajen tafiya hidimar ƙasa ta NYSC, wadda aka kafa a 1973. Na uku, a je a ga ɗakin kwamfuta da ido, a ƙirga na'urorin da ke aiki, a tambayi yadda ake samun wuta. Gani ya kori ji.

Game da kuɗi, Asusun Lamunin Karatu na Nijeriya, NELFUND, ya soma karɓar takardun neman rance daga ɗaliban manyan makarantun gwamnati a 2024, kuma ɗalibi da kansa yake nema ta intanet ba tare da ɗan tsakani ba. Duk wanda ya nemi a ba shi wani abu domin ya samo wa yaro gurbin karatu ko rance, a yi hattara da shi. A kuma tuna cewa wannan karatu ya dace da 'ya'ya mata kamar yadda ya dace da maza, domin mata da yawa a Lafiya su ke riƙe da cinikin abinci da adashi, kuma lissafinsu yana bukatar mai tsare shi.

Tambayoyin bita

1. A lissafa abubuwa biyar da suka haɗu suka zama tsarin sarrafa bayanai, a kawo misalin kowanne daga wani shago da aka sani.

2. A misalin riɗi, da raguwar ta kai kashi 10 cikin ɗari, buhu nawa za su rage, kuma a kan wane farashi mai kayan zai mai da kuɗinsa?

3. Me ya sa ake bai wa kowane abokin ciniki lamba a rumbun bayanai?

4. Waɗanne hukumomi ne ke tantance kwasa-kwasan jami'a da na kwalejin fasaha?

Ana roƙon malaman sakandare da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni su karanta wa jama'a wannan darasi, musamman iyayen da 'ya'yansu ke shirin cika takardar JAMB. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa maƙwabcinsa.